Yadda za ka riƙe kalmomin Turanci na sace mutum ba tare da ka cakuɗa su ba

Wani ɗalibi da nake taya wa gyaran Turanci ne ya kawo mini rubutunsa, a ciki ya sa "my uncle was stolen last year", na karanta na sake karantawa, dariya ta taso mini amma ba halin yi tunda abin da yake nufi ba na dariya ba ne. Shi a ransa cewa ya yi an sace kawuna, kuma a Hausa bai yi kuskure ba ko kaɗan, mu ai kalma ɗaya ce take ɗauke da komai, an sace waya, an sace akuya, an sace mutum, an sace jirgi. Bature bai yarda da wannan haɗin ba. A wurinsa steal na kaya ne, abin da ba ya numfashi ko dabba, in ka ce an yi stealing ɗin mutum kamar ka mai da shi buhu ne. To daga nan matsalar take farawa, kuma duk wanda ya ce zai haddace kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya daga ƙamus kamar karatun hadda wallahi wahala kawai zai sha, gobe ya manta.

Abin da nake sa ɗalibai su yi shi ne kafin su zaɓi kalma su yi wa kansu tambaya uku: me aka ɗauke, wa ya ɗauke, kuma don me. In ka amsa waɗannan, kalmar da kanta za ta zo.

Mu fara da manyan biyun da kowa ke ji, kidnap da abduct. Dukkansu ɗauke mutum ne da ƙarfi ko da yaudara ba da son ransa ba, kuma sau da yawa in ka sa ɗaya a gurbin ɗaya babu wanda zai ce ka yi laifi. Amma akwai ɗan bambanci da kunne ke ji. Kidnap kalmar kowa da kowa ce, ita ake faɗa a hira, kuma da an faɗe ta abin da ke zuwa ran mai sauraro shi ne za a nemi wani abu, yawanci kuɗi. Asalinta ma abin ban sha'awa ne, tun ƙarni na 17 take a Ingila, kid yaro ke nan, nap kuma tsohuwar kalma ce ta ɓarayi mai nufin fizgewa, 'yar'uwar nab, a lokacin ana ɗauke yara ne a kai su aikin gona da hidima a yankunan da Ingila ke mulka a Amurka. Shi ya sa wasu ke zaton kidnap na yara ne kawai saboda sun ga kid a ciki, a'a, yanzu ko tsoho mai furfura aka ɗauke kidnap ne. Abduct kuwa daga Latin take, ab nesa, ducere jagoranta ko ja, wato a janye mutum a yi nesa da shi. Ita ce ta 'yan jarida da lauyoyi da 'yan sanda, tana da nauyin ofis, kuma ba dole ne a nemi kuɗi ba. Misali miji da mata sun rabu, kotu ta ba uwa riƙon yaro, uban ya lallaɓo ya ɗauke shi ya tsallake da shi wata ƙasa, ba ya neman ko sisi, wannan child abduction ake ce masa, har yarjejeniya guda aka yi a kansa a birnin Hague a 1980. Haka masu cewa wai wasu halittu daga sama sun ɗauke su, alien abduction suke cewa, ba ka jin alien kidnapping sai a wasa.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke zamewa, kuma nan zan ɗan daɗe. Abduct da adopt. A bakin wanda bai saba ba kusan ɗaya suke fita, a rubutu ma sai ka ga an rubuta "the girls were adopted by gunmen", alhali adopt ɗaukar yaro ne riƙo ta hanyar doka ka mai da shi kamar ɗanka. Ka ga ke nan jimla ɗaya ta mai da 'yan bindiga iyayen riƙo. Dabarar da nake bayarwa ita ce ka ji harafin b ɗin nan da kyau ka kuma ji k a tsakiya, ab-dakt, ka faɗa a hankali sau goma, sannan a-dopt, wadda ba ta da b ba ta da k. Akwai ta uku ma, adapt, wato sabawa da yanayi, ita ba ruwanta da wannan maganar amma tana shiga tsakani ta ƙara rikita mutum. Ka rubuta ukun a jere a takarda da jimla ɗaya ɗaya a gaban kowacce, ka liƙa inda idonka zai riƙa gani.

Batun rubutu: kidnap in za ta koma abin da ya wuce ana ninka p ne, kidnapped, haka kidnapping da kidnapper. A furuci kuma ƙarshen kidnapped sautin t ne, kidnapt, ba kidnaped da wasali ba, ita kuwa abducted dole ka fitar da ƙarshen, ab-dak-tid. Mu Hausawa kuma sai mun kula da p, don bakinmu yana son mai da ita f, to ka haɗe leɓɓanka ka rufe gam a ƙarshen kalmar, shi ke nan.

Tambaya ta farko ke nan, me aka ɗauke. In mutum ne kidnap ko abduct. In abin hawa ne da mutane ko kaya a ciki aka ƙwace iko da shi, jirgin sama ko na ruwa ko bas ko babbar mota, hijack ne. Kalmar ta yi fice ne a Amurka lokacin da aka hana sayar da giya tsakanin 1920 da 1933, ana tare motocin masu fasa-ƙwaurinta a ƙwace kayan. Daga ita aka samo carjack, wato a tare ka da makami a fitar da kai daga motarka a tafi da ita. To ba a hijacking ɗin mutum, jirgin ake hijacking, mutanen ciki kuma su zama hostages. Sai rob, wadda ita ma tana da tarko: in ka ce "he was robbed" ba shi aka ɗauke ba, kayansa aka ƙwace shi yana nan. You rob a person, you steal a thing, you kidnap a person, you hijack a plane. Wannan layin ka haddace shi haka nan yadda yake, ya fi maka shafi guda na bayani.

Hostage ita ce ta fi kusa da garkuwa tamu, mutumin da aka riƙe don a tilasta wa wani daban ya yi wani abu, ya biya kuɗi ko ya saki fursunoni ko ya janye sojoji. Abin lura a nan, ba lallai an kai shi ko'ina ba. A watan Nuwamba na 1979 ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, aka riƙe Amurkawa 52 har kwana 444, ba kidnapping duniya ta kira shi ba, hostage crisis aka ce. Haka a 1973 a Stockholm, babban birnin Suwidin, ɗan fashi ya riƙe ma'aikatan banki huɗu kwana shida a cikin bankin nan dai, daga nan aka samo Stockholm syndrome, wato wanda aka riƙe ya koma yana tausaya wa wanda ya riƙe shi. Kalmar hostage suna ce ba aikatau ba, don haka ba a cewa "they hostaged him". Da kalmar take ko hold ake haɗa ta, kuma ga abin da ke ba mutane mamaki, a irin wannan ginin jimla ba ta ɗaukar s ko mutum ɗari ne: "they took ten people hostage", "she was held hostage for a week". Amma in kana ƙirga su a matsayin mutane sai s ta dawo, "ten hostages were freed". Furucinta kuma hostij ne, ƙarfin a gaɓar farko, ƙarshen ba ya fita kamar age na shekaru.

Kuɗin fansa ransom. Ka kiyaye kada ka rubuta random, na sha ganin haka, harafi ɗaya ne ya raba su amma ma'ana ta yi hannun riga. Abokan tafiyarta su ne demand da pay da collect: demand a ransom, pay a ransom, ransom note wato takardar da aka aiko da buƙata. Ba'amurke zai ce "held for ransom", ɗan Ingila kuma sau da yawa "held to ransom" yake cewa, musamman in ba sace mutum na gaske ake nufi ba, kamar a ce wani ya riƙe wuyan kamfani sai an biya masa buƙata. Akwai kuma a king's ransom, kuɗi mai yawan gaske, wanda ake yawan haɗawa da labarin Sarki Richard na Ingila da aka kama kusa da Biyana a 1192 yana dawowa daga yaƙi, bai fito ba sai 1194 bayan an tara maƙudan kuɗi daga talakawansa. In ka gane ransom ka gane ransomware ma, manhajar da ke kulle maka kwamfuta sai ka biya, irin WannaCry da ta addabi duniya a 2017.

Tambaya ta biyu, wa ya ɗauke, ita ce ta fi daɗi a wurina don a nan ne za ka fara karanta labari da ido biyu. In hukuma ce da ikon doka, arrest ne, kamu. Detain tsarewa ce, ana iya detaining ɗinka na awa biyu a filin jirgi ba tare da an tuhume ka da komai ba. Take into custody a hannun hukuma ke nan, remand kuma kotu ce ta ce a ajiye ka kafin a gama shari'a. In yaƙi ne capture ake cewa, wanda aka kama ya zama prisoner of war. To amma aiki iri ɗaya yana iya samun suna biyu, ya danganta da bakin wanda ke magana. A watan Mayu na 1960 jami'an leƙen asirin Isra'ila suka ɗauke Adolf Eichmann, ɗaya daga manyan jami'an Nazi, a wajen birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina suka kai shi Isra'ila aka yi masa shari'a. Wanda ke goyon bayan abin capture zai rubuta, wanda ke kallon an keta dokar ƙasar Ajantina abduction zai rubuta, kuma Ajantina har ƙara ta kai Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Don haka in ka ga ɗan jarida ya zaɓi seized, ka san wataƙila yana gudun ɗaukar ɓangare ne, don seize tana shiga ko'ina, 'yan sanda suna seizing, 'yan bindiga ma suna yi, kuma ana seizing ɗin mutum da kaya duka. Bayan 2001 kuma wata kalma ta yi tashe, extraordinary rendition, wato gwamnati ta ɗauke wanda take zargi ta kai shi wata ƙasa ba tare da bin kotu ba. Sannan akwai enforced disappearance, a ɗauke mutum hukuma ta ce ba ta san inda yake ba, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniya a kai a 2006. Daga irin abin da ya faru a Ajantina zamanin mulkin soja na 1976 zuwa 1983 ne Turanci ya saba da wani ginin jimla da a da za a ce kuskure ne, "he was disappeared". In ka ga haka ba ɓata ya yi da kansa ba, ɓatar da shi aka yi. Missing kuwa ɓata ne kawai, ba ta nuna hannun kowa.

Kada ka manta da attempt, wato yunƙuri. Abin da aka yi wa Umaru Dikko, tsohon ministan Najeriya, a Landan a watan Yuli na 1984, da aka ɗauke shi a ƙofar gidansa aka yi masa allurar barci aka sa shi a akwati, jami'an kwastan suka buɗe akwatin a filin jirgin Stansted, za ka ga wasu sun rubuta kidnapping, wasu kuma kidnap attempt ko foiled kidnap, saboda an ɗauke shi ɗin amma ba a kai ga fitar da shi daga ƙasar ba. Foil ita ce daƙilewa, kalma ce da za ka riƙa gani kullum a kanun labarai.

Tambaya ta uku, don me, ita ke raba trafficking da smuggling. Human trafficking safarar mutane ce don a ci da guminsu, aikin dole ko karuwanci ko bauta, ta hanyar ƙarfi ko yaudara, kuma ba sai an tsallaka iyaka ba. Smuggling kuwa mutum ne da kansa ya biya a tsallakar da shi iyaka ta ɓarauniyar hanya. Ita elope ma ban san me ya sa wasu ke jefa ta cikin wannan layi ba, saurayi da budurwa ne suka gudu tare don su yi aure da yardar junansu, babu ƙarfi a ciki.

Sunayen mutanen da ke cikin lamarin ba su da wuya in ka kalli ƙarshen kalma. Mai yi yana ƙarewa da er ko or: kidnapper, abductor, hijacker, captor. Wanda aka yi wa kuma victim ne, ko captive, ko abductee. Captor da captive su ne masu rikitarwa, captor mai riƙewa, captive wanda aka riƙe, in captivity kuma yana hannunsu ke nan.

Sai ƙananan kalmomin da ke nuna yadda abin ya faru a ido, waɗannan su ne gishirin labari in kana rubutu ko kana ba wa ɗan sanda bayani. Snatch fizgewa ce cikin ƙiftawar ido. Grab cafkewa. Drag ja a ƙasa mutum yana turjiya. Bundle into a car a cusa mutum cikin mota kamar kaya. Whisk away a yi awon gaba da shi da sauri, amma ita wannan ba kullum take da muni ba, masu gadi ma suna whisking ɗin shugaba in hatsari ya taso. Lure kuwa yaudara ce, a ja mutum da daɗin baki har ya je da ƙafarsa. At gunpoint an ɗora masa bindiga, blindfolded an rufe masa ido, gagged an toshe masa baki, tied up an ɗaure shi. Ka gwada haɗa su a jimla ɗaya ka ji: "He was dragged out at gunpoint, blindfolded and bundled into a van." In ka iya faɗin wannan ba tare da ka tsaya ba ka yi nisa. Akwai tsofaffi biyu da za ka ci karo da su a littattafan tarihi, press-gang, yadda rundunar ruwan Ingila ke kama maza da ƙarfi su yi mata aiki a jirgi, da shanghai a matsayin aikatau, a bugar da mutum ko a yaudare shi ya farka ya gan shi a tsakiyar teku ma'aikacin jirgi. Yau in ka ji su yawanci da wasa ake faɗa, an tilasta wa mutum aikin da bai yi niyya ba.

Yadda lamarin ya ƙare ma kowace kalma da nata labarin, kuma masu magana da yawun hukuma sun san haka sarai. Released su masu riƙon ne suka sake shi. Rescued an je an ceto shi. Escaped shi ya kuɓuta da kansa. Freed kuwa ta rufe komai, ba ta gaya maka ko an biya ko an yi faɗa ba. Unharmed ba a ji masa rauni ba.

Yanzu yadda za ka yi atisayen. Ka samu ƙaramin littafi ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka, kullum ka ɗauko kanun labari uku na Turanci a kan irin wannan lamari, daga BBC ko Reuters ko duk wadda kake karantawa. Ka sani Turancin kanun labarai daban yake, suna yanke kalmomi. "Gunmen abduct 20" yana kama da abin da ke faruwa yanzu amma ya riga ya faru. "Five abducted" kuma ba biyar ɗin ne suka yi satar ba, su aka sace, an cire were ne kawai. Aikinka shi ne ka mayar da kowane kai cikakkiyar jimla, sannan ka juya ta: "Gunmen abducted twenty people", ka juya, "Twenty people were abducted by gunmen". Wannan juyin shi ne rabin aikin, don yawancin labaran nan da was ko were ake ba da su tunda sau da yawa ba a san wanda ya yi ba, daidai da yadda muke cewa an sace. Ka kula da ƙananan kalmomin da ke biye: by na wanda ya yi, from na inda aka ɗauke shi, for na abin da ake nema, kuma kidnap kanta ba ta buƙatar komai tsakaninta da mutumin, kidnap him ne kai tsaye.

Bayan nan ka ɗauki labari ɗaya na Hausa da ka ji a rediyo, ka rufe ƙamus, ka faɗe shi da Turanci kana naɗar muryarka a waya. Duk inda ka zo kan "an sace" ko "an kama" ko "an yi garkuwa da" ka tsaya ka yi tambayoyin nan uku kafin ka zaɓa. Ka saurari abin da ka naɗa washegari, ba a ranar ba, don a ranar kunnenka zai yafe maka komai. Ɗalibin nan nawa haka na sa shi ya yi, da ya dawo da rubutun ya gyara zuwa "my uncle was kidnapped from his farm and held for three weeks before he was released", sai dai a layi na gaba ya rubuta cewa an biya random, muka sake zama.